Hannun Daman Ɗanmusa

Shafi na 19

Na ga saƙonninku. Masu cewa in sassauta wa Sailuba, da masu cewa ita ta jawo wa kanta tunda ta ɗauki jita tana mace, duk na karanta. Wadda kuma ta tambaye ni mene ne kaset ɗin bidiyo, je ki tambayi mamarki, mu a 1994 muke. Ku gyara zama.

*

Ƙarfe tara na safiyar Asabar aka kawo wuta.

Sailuba ta bar kwanukan da take wankewa a bakin rijiya, ta goge hannu da zaninta, ta shige ɗaki. A unguwarsu Sabon Pegi ba a jan rai da wuta. Tana iya yin awa uku, tana iya ɗaukewa kafin mutum ya zauna.

Ta kunna talabijin, ta tura kaset cikin bidiyo, ta jona jitar mijinta da ƙaramar lasifikar da ke ƙarƙashin tebur. Lasifikar ta yi ƙugi.

Ɗanmusa yana kwance a gado. Wata takwas ke nan tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Mutumin da a da ba a biki a garin Lafiya sai da jitarsa, yanzu sai an juya shi.

"Maigida, an kawo wuta," ta ce. "Yau ma darasi na ukun nan zan sake gwadawa."

Bai motsa ba.

Baturen da ke koyarwa a kaset ɗin ya bayyana, da dogon gashinsa da murmushin nan nasa da ba ya canjawa. Sati shida ke nan yana zuba mata Turanci ta hanci. Ta yi makaranta har aji uku na sakandare, amma Turancin mutumin nan ba irin na malamansu ba ne. Ƙidaya kawai take kamawa, wan, tu, tiri, fo. Sauran sai dai ta kalli yatsunsa.

Ta ɗora yatsu uku inda ya ɗora nasa. Ta danna. Tsirkiyar ƙarfe ta shige cikin ƙurjin da ya fashe mata jiya. Ta cije leɓe, ta kaɗa.

Sautin ya fito kamar an taka gwangwani.

Ta mayar da kaset baya. Ta sake. Baturen ya sake murmushi, ya sake cewa abu ne mai sauƙi.

"Bawan Allah, ka jira ni mana," ta ce da talabijin ɗin a hankali.

Ba ya jira. Ba a tambayarsa. Ba ya ganin inda ta yi kuskure.

Akaa, mai gangar Ɗanmusa, shi ya kawo mata kaset ɗin, shi kuma ya ba ta shawarar. Ya ce hannun hagun Oga Ɗanmusa lafiya lau yake, kuma hagu ne ke danna tsirkiya, dama kaɗawa kawai yake yi. Ya ce makaɗi ba ya iya jure kuskure. In ta yi ta ɓata kiɗan a kunnensa, wata rana dole ya miƙo hannu ya gyara. Daga nan shi ya danna, ita ta kaɗa. Ta zama hannunsa na dama.

Ta waiga ta dubi gadon.

Ɗanmusa ya riga ya juyar da fuskarsa bango.

Kullum haka yake yi.

Sai ta ji tsayuwar mota a ƙofar gida, ta ji sallama. Muryar kaɗai ta sa ta ajiye jitar a kujera ta laluɓo mayafi. Ta kashe bidiyon.

Yaya Mahmuda ne, wan Ɗanmusa, mai fataucin gishiri a Awe. Sau biyu kacal ya zo tun da ciwon ya faru, kuma duk zuwan a tsaye ya gaisa ya fita.

Ta durƙusa.

"Sannu da zuwa Yaya. An zo lafiya? Ya Iya da jiki?"

"Lafiya lau. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

Ya dubi ƙaninsa, ya dubi jitar, ya dubi wayoyin da suka bazu a ƙasa. Ta kawo masa ruwa a kwano. Bai sha ba.

"Haɗa masa kaya, Sailuba. Mota na waje, na sa katifa a baya."

"Ina za shi, Yaya?"

"Gida. Iya ta ce kada in koma Awe ba tare da shi ba. Akwai mai magani a wani ƙauye bayan garinmu, ya tayar da mutum biyu da na sani da idona."

"Ranar Talata za mu koma Jos ganin likita."

"Jos ɗin nan sau nawa kuka je?"

"Sau shida."

"Ya ce uffan?"

Ta sunkuyar da kai.

"Mai maganin ya ce a zo masa da wannan." Ya nuna jitar da haɓa. "Ya ce ta nan abin ya shige shi. A can za a ƙone ta."

"Yaya, hawan jini ne. Likita ya faɗa a gabana."

"Na ji."

"To ni fa? In haɗa nawa kayan?"

Ya juya ya dubi ƙofa. Wannan ya ishe ta amsa.

"Yaya, wa zai juya shi? Wa ya san irin kunun da yake iya haɗiya? Iya ta tsufa. In ba a juya shi duk bayan awa biyu ba, bayansa zai yi gyambo."

"Akwai mata a gidan."

"Ni ce matarsa."

"Ni kuma jininsa ne. Kada ki sa mu yi abin da maƙwabta za su taru."

Ba ta da wanda za ta kira. Mahaifinta ya rasu, yayyenta suna Ashige, ko suna kusa ma cewa za su yi ta bi maganar dangin miji. Ta dubi Ɗanmusa ko zai yi wata alama. Ƙeyarsa kawai take gani.

Ana cikin haka aka yi wata sallamar daga tsakar gida.

"Madam, na kawo waya ɗin da ya tsinke."

Akaa ne, da tsirkiyar jita a naɗe cikin 'yar takarda a hannu. Ɗan Tibi ne haifaffen Lafiya, Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Yana ɗaga labule ya ga Mahmuda, sai ya tsaya cik, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje.

"Yaya, wannan shi ne Akaa, abokin aikin maigida," in ji Sailuba.

"Ban san shi ba," Mahmuda ya ce da sauri.

Ba ta tambaye shi ko ya san shi ba. Amma hankalinta ba ya wurin, sai ta bar maganar ta wuce.

"Akaa, za su tafi da shi Awe. Za su ƙone jitar. Don Allah ka gaya wa Yaya abin da ka gaya mini."

Akaa ya sosa wuya.

"Madam, maganar gida ne. Ni baƙo ne."

"Shekara goma sha huɗu kana zaune a bayansa kana masa ganga. Yau ne ka zama baƙo?"

Ya kawar da kai.

Ta juya ga Mahmuda, ta haɗa hannuwa biyu.

"Yaya, abu ɗaya nake roƙo. Ka ba ni minti goma. In kaɗa a gabanka. In ya miƙo hannu, ka bar mini shi zuwa Talata. In bai miƙo ba, ni da kaina zan ɗaure masa kaya."

Mahmuda ya dubi yatsunta. Uku a cikinsu a naɗe suke da tsumma, tsumman ya yi jini.

"Yi," ya ce. Ya zauna a bakin kujera.

Ta kunna bidiyon. Ta jawo ɗan benci har jikin gado, ta zauna yadda wuyan jitar zai kwanta daidai hannun hagun mijinta. Ko taku ɗaya babu tsakani. Motsa yatsa kawai zai yi ya taɓa.

Baturen ya fara ƙidaya.

Ta danna, ta kaɗa. Sautin farko ya fito da dama-dama. Wurin sauya yatsu zuwa na biyu ta makara, Baturen ya wuce ta. Ta bi shi da gudu, ta danna inda ba nan ba. Lasifikar ta yi wata ƙara mai tsinka kunne.

Ta sake.

Ta kuma ɓatawa, wannan karon da gangan, ta ɓata yadda ko kurma zai ji.

"Maigida, ka ji fa. Ba daidai ba ne ko? Ina zan sa wannan yatsan?"

Hannun yana kwance a kan zanin gado, kamar ba nasa ba.

"Nuna mini. Sau ɗaya."

Tsumman yatsanta ya zame. Jini ya shafi tsirkiya. Ta ci gaba da kaɗawa har ta daina jin me take kaɗawa.

"Ya isa," in ji Mahmuda.

"Minti goman bai cika ba."

"Ya wuce, Sailuba. Ajiye."

Ta ajiye jitar a cinyarta. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana kallon hannun.

Ba wanda ya tuna da bidiyon. Tunda Akaa ya kawo kaset ɗin ba ta taɓa barinsa ya wuce darasi na uku ba, kullum baya take mayar da shi. Yanzu ga shi yana ta tafiya shi kaɗai. Baturen ya gama na huɗu, ya shiga na biyar.

Mahmuda ya miƙe ya fara kwashe magungunan da ke kan tebur yana zubawa a leda.

"Wannan farin safe da yamma ne," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ja ɗin bayan ya ci abinci. Kada a ba shi gishiri."

"Na ji."

"Ba ya son a rufe masa ƙafa."

"Na ji."

Baturen ya ɗaga hannu ya yi ban kwana. Hoton ya watse, talabijin ya cika da yayyafin fari da baƙi.

Sai ɗakin ya cika da kiɗa.

Ba kiɗan Bature ba. Jita ce mai zaƙi, tana gudu tana dawowa, tana zolayar ganga. Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Lafiya ya san hannun.

Ledar ta faɗi daga hannun Mahmuda.

A talabijin, ga rumfa, ga kujerun ƙarfe, ga mata da anko shuɗi suna rawa cikin rana. Ga Ɗanmusa a tsaye cikin farar riga mai gajeren hannu, kansa a karkace, yana dariya, hannun damansa yana tafiya kamar ruwa.

Ita ta goge masa rigar nan. Ita ce rigar da aka kai shi asibiti da ita.

Akaa ya yi tsalle ya nufi bidiyon.

"Madam, bari in kashe. Tsohon abu ne."

"Kada ka taɓa."

"Madam, ba zai yi maka daɗi ba."

"Na ce kada ka taɓa. Wannan bikin Ashige ne, inda ya faɗi?"

Ya janye hannunsa daga bidiyon.

"Akaa, kai ka ce mini mai hoton bai zo ba ranar."

"Ya zo," ya ce da ƙaramar murya. "Ya ba ni kaset ɗin. Na rasa inda zan kai shi. Da na je Jos ɗauko maka karatun jita, na ce a ɗora a kai ya goge. Ban san karatun bai kai ƙarshe ba."

"Me ke ciki da kake so ya goge?"

"Sailuba, kashe abin nan," in ji Mahmuda. "Mai jinya yana ji."

Gaskiya ne. Numfashin Ɗanmusa ya sauya. Amma ta miƙe ta tsaya tsakaninsu da bidiyon, jitar rataye a wuyanta.

A kaset ɗin kiɗa ya tsaya, aka fara rabon abinci. Da alama mai hoton ya ɗora na'urarsa a tebur ya tafi cin nasa, don hoton ya karkace ya tsaya wuri ɗaya. Gefen makaɗa yake kallo. Ga Akaa yana shan ruwa. Ga Ɗanmusa yana goge gumi.

Sai wani mutum ya shigo hoton, da kaftani ruwan ƙasa da hula zanna.

Sailuba ta dubi talabijin. Ta dubi Mahmuda. Har hular ita ce a kansa.

"Yaya," ta ce. "Ka ce mini kana Awe. Ka ce sai bayan kwana uku labari ya same ka."

Mahmuda ya koma ya zauna.

Ba a jin abin da suke cewa a kaset ɗin, hayaniyar biki ta rufe. Amma ana gani. Mahmuda yana magana yana nuna jitar. Ɗanmusa yana dariya yana girgiza kai, har ya dafa kafaɗar wansa. Mahmuda ya ture hannun. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro wani abu, ya danƙa masa.

"Me ka ba shi?" Ta juyo ga Mahmuda. "Laya ce? Me ka ba mijina?"

"Kalla dai," in ji Mahmuda.

Ɗanmusa na cikin kaset ya warware abin. Takarda ce. Ya fara karantawa da sauran dariya a fuskarsa. Dariyar ta tafi. Ya kai ƙarshe, ya koma farko. Ya ninke ta a hankali, ya sa a aljihun gaba. Bai ƙara duban wansa ba. Ya juya ya yi wa Akaa alama da kai.

Ganga ta tashi. Ya shiga da jita. Bai yi nisa ba sautin ya fara ɓaci, kamar na wanda bai iya ba. Ya dubi hannun damansa. Ɗan robar da yake kaɗawa da shi ya suɓuce ya faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka.

Bai ɗago ba.

Mata suka fara ihu. Wani ya bangaji teburin, hoton ya kalli sama, ya ɗauke.

Akaa ya kashe talabijin. Wannan karon ba ta hana shi ba.

"Wace takarda ce?" ta ce.

Amma tun kafin ta gama tambayar ta san amsar. Takardar shuɗiya ce. Ta san inda ake sayar da irinta, ta san ranar da ta yago ɗaya.

Mahmuda ya zaro ta daga aljihun kaftaninsa. Ta tsufa, ninkin ya yi baƙi.

"Wata takwas tana jikina," ya ce. "Na kasa yagawa, na kasa ajiyewa. Ki karanta ko in karanta?"

"Yaya, don girman Allah."

"Kin ce laya na ba shi. A gaban baƙo kika faɗa."

Ya warware. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa.

"Zuwa ga Yaya Mahmuda. Bayan gaisuwa mai yawa. Na rubuto maka ne domin na gaji. Ranar da cikina ya zube, ƙaninka yana Makurɗi yana kiɗa, sai bayan kwana uku ya dawo. Maƙwabciya ce ta kai ni asibiti. Shekara goma sha ɗaya muna jiran cikin nan. Don Allah ka zo ka yi masa magana, kai kaɗai yake jin nauyi. Na tsani jitar nan."

Ya tsaya.

"Ya isa, Oga," in ji Akaa. "Abeg."

"Saura layi ɗaya. Shi ne wanda ya karanta sau biyu."

Sailuba ta toshe bakinta da mayafi.

"Wani lokaci in na kalli hannun nan nasa, sai in ce da ma Allah ya shanyar da shi, ko na samu miji a gida. Ni ce ƙanwarka, Sailuba."

Lasifikar da ba a kashe ba tana ta ƙugi.

Ita ta rubuta. Kwana biyar bayan ɓarin, tana kwance ita kaɗai, shi kuma ya sake fita wani bikin. Ta ba wani direban motar gishiri. Washegari ta bi shi tasha don ta karɓo, aka ce ya wuce tun asuba. Sati biyu ba amsa, Yaya bai zo ba, sai ta ce takardar ta ɓace a hanya. Ta gode wa Allah. Da aka kawo mata Ɗanmusa a shanye, layin nan ne ya fara faɗo mata a rai, ta danne shi. Ta ce ai ba wanda ya gani. Daga ita sai Mahaliccinta.

"Ban je don in nuna masa ba," in ji Mahmuda. Muryarsa ta sauka. "Faɗa na je yi masa, yadda kika roƙa. Na ce matarka tana kuka da kai. Ya yi mini dariya. Ya ce Sailuba ba ta taɓa kuka da shi ba, ya ce ko duniya ta tsani kiɗansa ban da ke. Ya ce ƙarya nake, tsohon haushin kiɗansa ne nake ji. A gaban yaransa ya ce mini maƙaryaci. Zuciya ta ɗebe ni."

Ya goge fuska da tafin hannu.

"Da ya faɗi na cire ta daga aljihunsa kafin wani ya gani. Na kama aka sa shi a mota. Na roƙi Akaa ɗin nan ya yi shiru. Na gudu Awe. Iya ba ta sani ba har yau. Na rufa miki asiri, na rufa wa kaina."

"Likita ya ce hawan jini ne," ta ce. Ita ma ba ta ji maganar ta shige ta ba.

"Na sani. Ni ma ban yarda da zancen mai maganin ba. Iya ce ta yarda."

"To don me za ka tafi da shi?"

"Sau biyu na zo gidan nan. Duk zuwan, kina shigowa yake juya fuska. Kina zaton ciwo ne ke sa shi kallon bango?"

Ta juya ta dubi gadon.

"Hannun hagunsa yana aiki, Sailuba. Da shi ya riƙe mini riga wancan zuwan, har sai da na ɓamɓare yatsunsa. Ba kasawa ya yi ba. Yana kwance wata takwas, ba bakin tambaya, ba ƙafar fita, wadda ta yi masa wannan fatan ita ke ba shi kunu. Yanzu kuma ta ɗauki jitar da ta ce ta tsana tana kaɗa masa a kunne. Ke a ganinki me yake ji?"

"Oga, Madam ya yi ƙoƙari," in ji Akaa. "Ni na gani. Ya sayar da lokacinsa duka, ya bar ɗinki, dubi hannunsa. Mutum yana faɗin magana in yana cikin zafi."

"Ban ce ba ta yi ba."

Sailuba ta cire jitar daga wuyanta. Ta rasa inda za ta ajiye ta, ta jingina ta da bango, ta zame ta faɗi, lasifikar ta yi kururuwa. Akaa ya fizge wayar.

Ta durƙusa a gaban gadon.

"Maigida."

Ƙeya.

"Ni na rubuta. Ba zan ce ba ni ba ce. Jini nake zubarwa ranar, ban san me hannuna yake rubutawa ba. Na bi motar in karɓo, wallahi na bi ta."

Ta kai hannu za ta taɓa shi, ta fasa.

"Da na san ka gani, da tun ranar farko na durƙusa. Wata takwas ina yi maka surutu, ina ba ka labarin unguwa, ashe kai abin da kake ji daban. Ban san yadda zan mayar da ita ba. Gaya mini yadda zan yi. Ko da ido ne."

Direban da ke waje ya danna ham sau biyu.

"Rana tana yi," in ji Mahmuda. "Hanyar Awe ba ta da kyau da damina. Akaa, kama mini ƙafafunsa."

Akaa bai motsa ba.

"Oga, a tambaye shi mana. Mutum ne. Yana ji."

"Da wane bakin zai amsa?"

Gadon ya yi ƙara.

Su uku suka juya.

Ɗanmusa ne yake juyowa. Da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Ya dafa katifa, ya ja jikinsa kaɗan-kaɗan har ya kwanta rigingine. Gumi ya keto masa a goshi. Gefen fuskarsa da ya daɗe a jikin matashi duk ya jiƙe.

Bai dubi matarsa ba. Bai dubi wansa ba. Rufin ɗaki ya kafa wa ido.

Leɓensa ya fara motsi.

"Oga yana magana," Akaa ya ce da raɗa.

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, mai kauri, kamar ana jan dutse. Ya tsaya, ya haɗiyi yawu da ƙyar. Ya sake.

"Ta..."

Sailuba ta matso da kunnenta. Mahmuda ya sunkuyo ta ɗaya gefen, takardar har yanzu a hannunsa.

"Faɗi, ɗan'uwa. Muna ji."

Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya tattara duk abin da ya rage masa.

"Tafi."

Bai ce ka ba. Bai ce ki ba.

Ya rufe ido.